Mai Bincike a Rumfar Daddawa

'Yan uwa, duk wadda aka taɓa zuwa neman aurenta ta san akwai mutumin da ya fi saurayin kansa sa faɗuwar gaba, wato mai bincike. Shi ne wanda dangin miji ke turowa a ɓoye ya zaga unguwarku, ya ji ko ke wace ce, wa ya haife ki, kina gaida mutane ko wuce su kike yi kamar itace. Nawa ya zo ranar Asabar, kuma duk faɗin Kankiya bai ga wanda zai fara tambaya ba sai kakata.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Haulatu, shekarata ashirin da uku. Iyayena suna Sukuntuni, ni kuma ina cikin gari wajen Iyatu, mahaifiyar babana, ina koyar da 'yan aji biyu a wata makarantar kuɗi da ba zan faɗi sunanta ba. Mai nemana Abdulrauf ne, ɗan Yashe ta ƙasar Kusada, malamin gona, mai dogon wuya da gajeren zance. Shi ne ya taɓa ce mini ko a cikin mata ɗari zai gane ni, domin ƙarƙashin humrata akwai ƙanshin daddawa. Na yi kwana biyu ba na ɗaukar wayarsa.

Ranar Asabar ɗin ina tsakar gida ina wanke kalwa, ɗaure da tsohon zanen atamfa, sai ga Iyatu ta dawo daga rumfarta ta bakin tasha tun la'asar ba ta yi ba, faranti a ka, tana dariya ita kaɗai.

"Ke Malama, taso ki sauke ni. Yau na ga abin da ya fi ƙarfin bakina."

"Me kuma aka yi?"

"Wani dattijo ne ya tsaya gabana, sabuwar hula, shadda har da layin guga. Shina ta juya daddawa kamar mai zaɓen goro. Namiji da farin gemu, mi ya haɗa shi da daddawa? Na ce a raina, wanga ba miya ta kawo shi ba." Ta gyara murya ta koma ta maza. "'Iya, halan kin san wata malamar makaranta a unguwar ga, wai ita Haulatu?'"

Na saki kalwar. "Kika ce me?"

"Na ce wa bai san ta ba? Yarinyar da sai an yayyafa mata ruwa take tashi da safe. Tuwonta kuwa in ka jefi kare da shi sai ya kai ka ƙara wajen mai unguwa."

"Iyatu! Kin kashe ni!"

"Ya yi ta gyaɗa kai, abin tausayi. Sai da na ga zufa ta keto mashi na ce ni na haifi ubanta. Aradu da kin ga yadda ya zube cikin laka da sabuwar shaddar nan shina gaishe ni!"

Na yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce sunansa Haladu, ƙanen baban Abdulrauf ne. Wai makarantarmu ya fara zuwa ya tarar da kwaɗo a ƙofa, domin shi da lissafin makarantar allo ya fito: Alhamis da Juma'a hutu, Asabar a koma karatu.

"Ya ce jibi Litinin zai dawo da sassafe ya ga hedimastanku, tunda shi ya san zamanki da mutane."

Nan na daina dariya.

Akwai abin da ban taɓa gaya muku ba, duk surutun nan da nake yi muku. Yau zan faɗa.

Hedimastanmu Malam Dabo ne. Tare suka yi firamare da babana, shi ya ɗauke ni aiki, kuma Baba nake ce masa. Da yabo ya fara: rubutuna a allo ya fi na kowa, 'yan ajina sun fi ladabi. Daga nan sai saƙonni a waya. Wai hijabin da na sa yau, ruwan zuma, ya dace da fatata. Sai saƙon murya, ƙasa-ƙasa, irin wanda in ka ji sai ka ji kana son wanke kunnenka. Mako uku da suka wuce ya kira ni ofis bayan an tashi, wai mu duba jadawalin jarrabawa. Ina shiga ya tura ƙofa, ya kama wuyan hannuna har awarwarona ya lanƙwashe. Na fizge na fita a guje, hijabina ya maƙale a sakata ya yage daga gefe. Da na dawo gida na ce wa Iyatu ƙusa ce.

Ranar Alhamis kuma ya tsaya a ƙofar ajina, yara suna ta karanta baƙaƙe, yana murmushi kamar mai yi mini sannu da aiki.

"Na ji 'yan Kusada sun fara zarya," in ji shi. "Kin dai san wa za su zo su tambaya. Kalma ɗaya ce tawa, ko ta gyara ko ta ɓata. Ki yi tunani kafin su zo. Salma ma taurin kai ta yi."

Salma malama ce da ta bar aiki bara. An kusa sa mata rana masu nemanta suka janye, ba wanda ya san dalili. Sai a ranar na sani.

Ga kuma abin da ya fi ci mini rai. Duk saƙon da ya turo, sai na amsa. "To Baba, na gode." "To Baba, Allah ya ƙara girma." Ku gaya mini, 'yan uwa, yaya za a yi babba, abokin ubanki, ya yi miki magana ki yi banza da shi? Haka aka rene mu. Amma duk wanda ya karanta, me zai ce? Ba cewa zai yi da yardarta ba?

Ranar Asabar ɗin na kwashe duka na gaya wa Iyatu. A zaune kan turmi ta saurare ni har na gama. Tunda nake ban taɓa ganin bakinta ya yi minti biyar a rufe ba sai ranar. Can ta ce, "Kira uwarki."

Da na gaya wa Inna, ta yi salati, ina jin kukan awaki ta cikin wayar.

"Haulatu, ki rufa mana asiri," ta ce a hankali. "Ki yi ta lallaɓa shi, ki ba shi haƙuri har a ɗaura, sai ki bar masa aikinsa. Mutumin babanki ne. In maganar nan ta fita, ba sunansa za a riƙe ba, naki za a riƙe. Kina da ƙanne mata uku."

Ban ga laifinta ba, har yanzu ban gani ba. Ita abin da ta ga duniya tana yi ta faɗa.

Iyatu ta karɓi wayar ta kashe da kanta, abin da ban san ta iya ba.

"Uwarki ba ta yi ƙarya ba," ta ce. "Amma ni shekara arba'in ina rufe kalwa da buhu, ban taɓa buɗewa na tarar warin ya ragu ba. Kuma mi za ki lallaɓa shi da shi? Gobe in Vero ta dawo coci ki tare ta."

Anti Vero maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya. Iyayenta daga kudu suka zo, amma a Kankiya aka haife ta, Katsinancinta ya fi nawa. A sashen walwalar jama'a take aiki a sakatariya. Ranar Lahadi da azahar ta shigo da leshinta ruwan goro da gwaggwaron da sai da ta sunkuya kafin ta wuce ƙofar ɗaki. Iyatu ta tura mata kwanon ɗanwake.

"Iya, wanga ɗanwake da aka zuba ma ƙwai har biyu, akwai magana a ƙasanshi," in ji ta.

Na miƙa mata wayata. Ta cire gwaggwaron ta ajiye a kan gado, ta sa tabarau, ta karanta tun daga sama. Saƙon murya ɗaya kawai ta kunna, ta kashe a tsakiya.

"Kin goge wasu?"

"Na farko-farko. Kunya nake ji."

"Daga yau ko ɗigo kar ki goge. Ki ɗauki hoton kowanne, yadda lambarshi da kwanan wata za su fito. Hijabin da ya yage fa?"

"Yana ƙasan akwati."

"Bar shi nan, kar ki ɗinke. Ki samu littafi ki rubuta ranar da abin ya faru, da ƙarfe nawa, da abin da ya ce." Ta dube ni ta saman tabarau. "Zan yi maki tambaya, kar ki ji nauyina. Ya wuce kama hannu?"

"A'a, Anti."

"Mun gode Allah. Amma ki riƙe wannan ko don wata. Wadda aka yi ma fyaɗe, asibiti za ta fara zuwa, kafin kwana uku su cika, domin maganin da ke kare ta daga cuta da ciki a cikin kwanakin nan yake aiki. In da hali kar ta yi wanka, kar ta wanke kayan jikinta kafin a duba ta. Mu nan wanka muke fara sa yarinya, mu wanke shaidar da hannunmu."

Iyatu ta ce, "Tau, yau na ji inda tsafta ke cutar da mutum."

Na nuna mata amsoshina. "Anti, waɗannan fa? Za a ce na yarda."

Ta yi tsaki. "A ina kika ce kina so? A ina kika ce za ki zo? Gaisuwa kika yi ma babba, kuma aikinki a hannunshi yake. Duk wanda ya tashi a ƙasar ga ya san haka. Mai laifi shi ne wanda ya ga ladabi ya hau kanshi."

Sai na ji hawaye suna ɗiga a kan ɗanwakena.

"Yanzu saurara," in ji ta. "Ƙofa ba ɗaya ba ce. Makarantar nan ba tashi ba ce, ta Hajiya Rahamatu ce, shi ma ɗaukar shi aka yi. Za ki iya kai mata. Za ki iya zuwa ofishinmu mu rubuta, mu raka ki duk inda za ki. In kina son hukuma ta shiga, 'yan sanda suna da masu kula da irin wannan, kuma ba ke kaɗai za ki shiga ba, ƙafata ƙafarki. A Katsina akwai lauyoyi mata da ke tsaya ma mata, akwai hukumar kare haƙƙin ɗan Adam. In kuma yau kuka kawai kike son yi, ki yi, gobe ma ina nan. Ke za ki zaɓa, ba ni ba, ba Iya ba."

"In na kai ƙara, auren zai tsira?"

"Wannan ban da shi a aljihu, ba zan yi maki ƙarya ba. Za a yi magana. Abin da na sani shi ne, in kika yi shiru, gobe da safe bakinshi kaɗai baƙon nan zai ji."

Na tuna Salma. Na tuna Fiddausi, sabuwar malamar 'yan raino, shekararta sha tara, wadda ranar Laraba na ji yana yabon rubutunta a allo.

"Zan zo ofis," na ce. "Kuma a gaya wa Hajiya."

"Madalla. Saura abu ɗaya. Ki tura hotunan nan ga wani da kika yarda da shi, ko da waya ta faɗa rijiya."

Da na so, da ita kaɗai na tura wa. Na tura mata kuwa. Amma bayan ta fita na zauna bakin gado ina kallon sunan Abdulrauf. Na ce a raina, mutumin da zan kwana in tashi da shi har tsufa, in ba zai iya riƙe wannan ba, gara in sani tun lalle bai hau ƙafata ba. Na rubuta: "Kafin Baffanka ya ji daga bakin wani, ka ji daga nawa." Na tura masa duka, har da amsoshina, ban cire ko ɗaya ba.

Alama ta nuna ya buɗe. Na ga yana rubutu. Ya daina. Ya sake farawa. Ya daina.

La'asar ta yi, magariba ta yi, shiru.

"Ki ajiye abin nan kafin ki huda shi da ido," in ji Iyatu. "Mai dogon wuya ai sai magana ta daɗe tana hawa kafin ta fito."

Ban yi dariya ba. Ita ma ba ta sake ba.

Litinin ta waye da yayyafi. Na sa doguwar riga baƙa da hijabi ruwan toka, ko kwalli ban sa ba. Iyatu kuwa ta ciro zanen saƙinta na zuwa biki, ta ce rumfa yau ta huta. Ƙarfe takwas muna ofishin Anti Vero. Na faɗa, wata abokiyar aikinta ta rubuta, aka karanta mini, na sa hannu. Ban san takarda ɗaya tana da nauyi haka ba, ban kuma san sauke ta yana sa mutum jin yunwa ba. Anti Vero ta kira Hajiya Rahamatu, ta ce mu haɗu a makaranta, ga ta nan tafe.

Da muka sauka daga a-daidaita, sai ga babur a gindin darbejiyar ƙofar makaranta. Dattijo yana tsaye yana karkaɗe ruwa daga hularsa, wanda ya tuƙo shi kuma yana gefe cikin rigar ruwa, ya ja hularta har hanci.

Kun san al'ada. Yarinya ba ta san da mai bincike ba, ko ta sani ba ta sani ba. In ta hango shi sai ta canza hanya. Ni kuwa na nufe shi kai tsaye, na durƙusa a jiƙaƙƙen yashi.

"Baffa, ina kwana. Ni ce Haulatu. Kafin ka shiga ka tambayi wani, ina roƙon ka fara da ni."

Bawan Allah ya rasa inda zai sa idonsa. Ya dubi darbejiya, ya dubi takalminsa.

"Ga mai tuwon nan da na ba ka labari," in ji Iyatu daga bayana.

Ya yi gyaran murya. "Tashi, ɗiyata, ƙasa da sanyi. Ba sai kin maimaita ba. Tun da aka sallame asuba yaron ga ya tsare ni a ƙofar masallaci ya sa mani waya a kunne. Na ji abin da ban so ji ba."

Sai mai rigar ruwan ya ture hularta baya. Wuyan nan dai, ko a ina na gan shi.

"Ke kuma sai ki jefo wa mutum abu irin wannan ki ce ya amsa a waya?" in ji Abdulrauf, idanunsa jawur. "Sau bakwai ina rubutawa ina gogewa. Duk abin da na rubuta, ko zagi ne ko kuka. Na ce gara in kawo ƙafata."

"Na ce mashi mai neman aure ba ya bin mai bincike, abin kunya ne," in ji Baffa Haladu. "Ya ce to Baffa, ya tada babur. Na ce ya sauke ni a tasha ya koma. Ya ce to Baffa, ga shi nan tsaye. Saboda haka amsoshin nan naki kar su hana ki barci. Mu muka koya maku."

Na ja hijabi na rufe fuska, ban san ko dariya nake ko kuka ba.

"Ba zan ɓoye maki ba," ya ci gaba, "a Yashe akwai masu baki. Uwar yaron ma sai na zauna da ita. Amma ni aka aiko, ba su ba, kuma abin da na kai shi za a ɗauka. Yarinyar da ta tura ma mai nemanta har abin da take jin kunyarshi, ba ta rage komai ba, mi ya saura in bincika?"

"Tuwon," in ji Iyatu.

"Wannan kam, yaron zai bincika da kanshi, Iya."

Motar Hajiya Rahamatu ta tsaya a bayanmu. Ta fito tana gyara mayafi, fuskarta ba annuri, Anti Vero ta tare ta da takardar a hannu. Abdulrauf ya fara cire rigar ruwa yana nannaɗe hannun riga.

"Kai tsaya nan ka yi gadin babur," in ji Baffa. "Hukuma ta zo da takarda, ba a buƙatar hannunka." Ya daidaita hularsa ya dube ni. "An ce in ga hedimasta, kuma zan gan shi. Ke za ki iya shiga, ko ki jira?"

Na dubi ƙofar nan mai sakatar da ta yaga mini hijabi. Ta tagar ajin raino na hango Fiddausi tana leƙowa, alli a hannunta.

"Zan shiga, Baffa."

Muka isa ƙofar ofis, shi ya yi sallama. Muka ji an ja kujera, aka buɗe ƙofa da sauri. Malam Dabo ya fito da babbar rigarsa mai aska, yana ƙamshin turare, haƙora a waje, hannu biyu a miƙe.

"Maraba da mutanen Kusada! Ai tun jiya nake sa ido. Bincike ne ko? Bismilla, ku tambayi duk abin da kuke so."

Sai ya hango Hajiya. Ya hango Anti Vero da takarda. Sannan ya hango ni, kuma yau ban sunkuyar da kai ba, ban ce masa ina kwana ba.

Baffa Haladu bai karɓi hannun ba.

"Bincike ne, Malam," ya ce. "Amma na yarinyar na gama shi a bakin ƙofa. Naka za mu fara."